Yadda zaka haɗa masana fanni daban-daban a aikin tonon kayan tarihi, tun kafin a sari ƙasa

Duk wanda zai jagoranci aikin tonon kayan tarihi, ɗalibi ne mai shirin digiri na biyu ko malami ne da ya daɗe a harkar, akwai abu ɗaya da nake so ya riƙe: rami ba a haƙa shi sau biyu. Likita in bai gamsu da gwajin jini ba zai sake ɗiban wani, mai kemistiri zai maimaita gwajinsa sau goma in yaga dama, amma kai da zarar ka kwashe ƙasar nan ka zubar to shikenan, yadda ka sameta a kwance shekara dubu uku ya tafi kenan, abin da ka rubuta a littafi da abin da ka ƙulle a leda su kaɗai suka rage maka. Shi yasa raina yake ɓaci in naga an gama tono tsaf an kwashe kaya an koma ofis, sannan a fara cigiyar wani mai leb, wato ɗakin gwaji, da zai duba mana ɗan gawayin nan. Ihu bayan hari kenan. Mai leb ɗin zai tambayeka daga wane zurfi aka ɗauko, me ke samansa me ke ƙasansa, wa ya taɓa shi da hannu, kaga an fara kallon juna.

To ga yadda nake ganin ya kamata a bi.

Fara da tambaya, ita zata gaya maka wa zaka kira

Kafin ka nemi kowa zauna ka rubuta abin da kake son sani a layi biyu ko uku. "Zamu binciki tarihin wurin" ba tambaya bace. Tambaya ita ce irin su: yaushe aka fara zama a nan, me suke ci, ƙarfen nan a nan aka narka shi ko daga wani wuri aka kawo, mutanen da ke kabarin nan 'yan gida ɗaya ne? Kowace a cikinsu tana da mai ita. Ta shekaru sai mai awon kabon, wato mai gano tsufan abu daga sinadarin kabon da ya rage a jikinsa, ta abinci sai masanin tsirrai da masanin ƙasusuwan dabbobi da mai kemistiri, ta ƙarfe sai wanda ya san tama da kashin maƙera, ta dangantaka sai mai DNA tare da masanin ƙashin mutum. Ba dole ka tara su duka ba fa, kuɗinka ma ba zai kai ba. Zaɓi tambaya biyu da suka fi damunka ka nemi mutanensu da gaske, ya fi ka jera sunan mutum goma a takardar neman tallafi alhali ko ɗaya bai san inda ramin yake ba.

Kuma ka tuna yawancin kayan aikin da muke taƙama dasu yau ba masu tono ne suka ƙirƙiro ba. Awon shekaru da kabon-14, Willard Libby ne ya fito dashi a Jami'ar Chicago wajen 1949, shi kuma masanin kemistiri ne, har aka bashi kyautar Nobel a 1960. Saboda haka in ka je wajen mai wani fannin ba alfarma kake masa ba, aikin dama can na taron dangi ne.

Kira su tun ana shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata biyu ko uku kafin a fita, haɗa su a zama ɗaya, ko ta waya ko ta bidiyo, ka nuna musu taswira da hotunan wurin sannan ka yi wa kowa tambaya guda: me kake so in ɗebo maka, kuma me zan yi da zai lalata maka aiki? Tambaya ta biyun nan tafi muhimmanci, kuma amsoshin da zaka ji zasu baka mamaki don da yawansu abubuwa ne da mai tono yake yi kullum da kyakkyawar niyya.

Misali wanke tsingaro. An saba in an fito da fasassun tukwane a zuba a ruwa a goge da buroshi don ado ya fito a zana. Mai kemistiri zai ce maka dan Allah ware wasu kar a wanke, kar a riƙe da hannu tsirara don maiƙon jikinka zai shiga, a naɗe a takardar alminiyam ba leda ba tunda ita leda tana da nata sinadarin da ke gurɓata gwaji. Dalili kuwa tukunyar ƙasa tana tsotse maiƙon abin da aka dafa ko aka ajiye a ciki, yana iya zama a jikinta dubban shekaru. Da irin wannan gwajin ne masu bincike na Jami'ar Bristol da ta Goethe a Frankfurt suka duba tsingaro sama da 450 na tsohuwar al'adar Nok ta tsakiyar Najeriya, a 2021 suka bayyana cewa sun samu kakin zuma a tukwane masu shekara wajen 3,500. Ƙasar wurin tana cinye ƙashi, wato da ido kaɗai aka dogara babu yadda za a yi a san wannan.

Mai awon kabon kuma zai ce maka ba kowane gawayi yake so ba. Bishiya tana iya yin shekara ɗari uku a tsaye, ta mutu, itacen ya ƙara wasu shekarun a yashe kafin wani ya hura wuta dashi, to in ka auna wannan gawayin shekarun bishiyar ka auna ba na wutar ba. Ya fi son ƙwayar hatsi da ta ƙone ko ɗan ƙaramin reshe, abin da bai wuce shekara ɗaya ko biyu a duniya ba. Nan take kaga kana buƙatar masanin tsirrai da zai tantance maka wanne ne wanne, shi kuma zai ce ka ɗebo masa ƙasa a bokiti daga kowace shimfiɗa, wato kowane hawa na ƙasa da ke kwance kan wani, ka rubuta lita nawa ce, a zuba a ruwa ƙonannun ƙwayoyin su taso sama a tace da rariya mai laushi. Kaga tun kafin a fita mutum biyu sun riga sun dogara da juna.

Mai DNA zai ce safar hannu da takunkumi, kar a shafa wa ƙashi gam don ya yi ƙwari kafin a ɗebi samfur, a ajiye a wuri mai sanyi, kuma in akwai ƙoƙon kai to ƙashin nan mai tauri da ke zagaye da cikin kunne da haƙora su suka fi riƙe DNA. Akwai kuma masu auna lokacin da yashi ya yi ganin ƙarshe da hasken rana, su nasu samfurin bututu mai duhu ake bugawa a bangon rami a toshe bakinsa, haske ya taɓa shi kawai aiki ya ɓaci.

In kana son kaga abin da gaggawa ke jawowa duba labarin Otzi, gawar nan da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps, iyakar Italiya da Ostiriya, a watan Satumba 1991. Waɗanda suka fara zuwa sun ɗauka wani mai hawan dutse ne na kwanan nan, suka sa injin fasa ƙanƙara har suka ji masa ciwo a ƙugu, ashe mutumin ya kai shekara 5,300. Kuma duk da tarin masanan da suka yi ta dubansa, sai a 2001, bayan shekara goma cur, wani likitan hoto a Bolzano ya hango tsinin kibiya a kafaɗarsa ta hagu. Masanin tsirrai ne ya gano daga garin furen da ke hanjinsa cewa a ƙarshen bazarar can ko farkon lokacin zafi ya mutu ba da kaka ba kaman yadda aka zata, masu nazarin ƙarafa kuma suka nuna jan ƙarfen gatarinsa daga kudancin Tuskani ta Italiya ya fito. Mutum ɗaya ne a kwance amma kowa da abin da idonsa ya iya gani.

Lamba ɗaya, rajista ɗaya

Wannan ɓangaren ba shi da daɗin ji amma wallahi nan aiki yafi mutuwa. Kowace shimfiɗar ƙasa, kowane rami, kowane daɓe a bashi lambarsa, kuma duk abin da ya fito daga ciki, tsingaro ne ko ƙashi ko bokitin ƙasa, ya ɗauki wannan lambar har leb har cikin rahoto. Kar ka yarda mai ƙasusuwa ya ƙirƙiro nasa lambobin mai tsirrai ya ƙirƙiro nasa, in leb tana da lambarta ta dole to a rubuta su gefe da gefe a rajista guda. Sannan a zana wace shimfiɗa ce ke kan wace, akwai tsarin da Edward Harris ya fito dashi a 1973 da har yau ake amfani dashi, ka tura wa kowa kwafi don su san samfurinsu daga ina yake a jerin.

Mai ƙididdiga ko mai kwamfuta shi ma tun yanzu zaka kira shi, ba sai an tara fayil ashirin kowanne da nasa fasalin ba. Ku yanke tun farko: awo da santimita ne ko mita, gurbi in an barshi fayau yana nufin ba a samu komai ba ko ba a duba ba, don waɗannan biyun ba ɗaya bane ko kaɗan kuma in aka cakuɗa su lissafi ya karkace. Sunan abu ɗaya a rubuta shi iri ɗaya. A kula da Excel, ka rubuta 3-4 kana nufin shimfiɗa ta uku zuwa ta huɗu sai ya mayar maka dashi kwanan wata ba tare da ya tambayeka ba. Masu GPS da masu taswira su tabbatar tsarin awo ɗaya suke kai, in ba haka ba sai a ɗora ramuka a manhajar taswira irin QGIS kaga sun sauka a gefen da ba nan aka haƙa ba.

Ku koyi yaren juna

Na taɓa zama a wani taro da aka kwashe kusan awa ana sa-in-sa kan shekarun wani wuri, daga ƙarshe aka gano ɗaya yana maganar shekarun kabon ɗanye ne ɗayan kuma yana maganar wanda aka riga aka daidaita. Ba wanda yayi kuskure a aikinsa, kawai ba su tsaya sun tambayi juna ba. Lambar da leb ke fara bayarwa ba shekarun kalanda bace, sai an daidaita ta da awon da aka samu daga zoben cikin itatuwa da makamantansu, don yawan kabon-14 a iska ba daidai yake ba a kowane zamani. In kaga BP a takarda, daga 1950 ake ƙirgawa baya ba daga bana ba. Awon kabon ba ya wuce shekara wajen 50,000. Kuma akwai wani tsakani, daga wajen 800 zuwa 400 kafin haihuwar Annabi Isa, da sakamako ke bajewa ya baka tazarar ɗaruruwan shekaru komai kyan samfurinka, in wurinka ya faɗa nan ka sani tun da wuri don kar ka yi wa mai tallafi alƙawarin da awo ba zai iya cikawa ba.

Saboda haka duk wanda ya kawo sakamako a roƙe shi ya yi bayani da baki kaman yana yi wa ɗan aji ɗaya, ya faɗi abu uku: me gwajin ya nuna, me ba zai iya nunawa ba, kuma nawa ne tabbacinsa. Kai ma ka yi musu naka. Mai leb da yawa bai san gara da ɓera da saiwar bishiya suna iya saukar da ƙwayar hatsi daga sama zuwa shimfiɗar da ta girme ta da shekara dubu ba, kai ka sani, to faɗa masa. Kar kunya ta hana ka cewa ban gane ba a maimaita.

In da hali kawo su bakin ramin ko na kwana biyu ne, gani ya kori ji. A Catalhoyuk ta ƙasar Turkiyya, aikin da Ian Hodder ya jagoranta daga 1993 na tsawon shekara wajen 25, ɗakunan gwaji a wurin tonon aka gina su, masanan ƙashi da tsirrai da duwatsu suna zagayawa ramuka suna tattaunawa da masu tono tun ƙasar tana buɗe. Amfanin shi ne in mai tsirrai yace wannan tokar akwai abu a ciki, gobe da safe za a ƙara ɗiba, ba sai bayan shekara ba lokacin da an riga an cike ramin. Ba kowa ke da kuɗin yin irin nasu ba, amma hoto da kiran bidiyo daga bakin rami kowane yamma ba zai gagara ba.

In sakamako ya saɓa

Nan ne nafi so a natsu. Abin da aka saba yi shi ne in sakamakon leb bai dace da abin da shugaban aiki ke tsammani ba sai ace samfurin ya gurɓata a jefar, ko kuma akasin haka, a ɗauki lambar leb kaman wahayi a watsar da duk abin da ido ya gani a rami. Duka biyun kuskure ne. Ku zauna ku bi sawu tare.

Dubi yadda aka yi da ƙasusuwan Sarki Richard na Uku, da aka tono a ƙarƙashin wurin ajiye motoci a Leicester ta Ingila a 2012. Tarihi ya tabbatar a yaƙin Bosworth aka kashe shi a 1485, amma awon kabon na farko sai ya nuna mutumin ya mutu shekaru da dama kafin nan. Da an tsaya a nan sai ace ba shi bane. Sai dai gwajin sinadaran ƙashin ya nuna mai shi ya ci kifi da kayan teku sosai, kuma sananne ne kabon da ke teku ya girmi na tudu da shekara wajen 400, don haka mai yawan cin abincin teku ƙashinsa yana nuna tsufan da bai kai ba. Da aka gyara lissafin sai tazarar ta koma 1450 zuwa 1540, 1485 ta shiga ciki. Aka haɗa da karkacewar ƙashin bayansa, da raunukan makami a kansa, da DNA da ya dace da na zuriyar 'yar'uwarsa ta ɓangaren mata, wanda sai da masu bin salsala suka bi takardu na ɗaruruwan shekaru kafin a samo su, sannan a Fabrairu 2013 Jami'ar Leicester ta fito ta sanar cewa shi ne. Cire mutum ɗaya a jerin nan kaga hujjar ta yi rauni.

Wani lokacin kuma tsohon zato ne zai faɗi. Kabarin Birka a Suwidin da aka tono a 1878, da takobi da gatari da mashi da dawakai biyu, sama da shekara ɗari kowa na cewa jarumi ne namiji saboda kayan da aka gani. Masaniyar ƙashi ta duba tace siffar mace ce, DNA ya tabbatar a 2017. Amma lura, DNA ya faɗi jinsi ne kawai, ko ta yi yaƙi da kanta ko ba ta yi ba wannan muhawara ce da ta koma hannun masu tono da masana tarihi. Haka dutsen nan mai nauyin tan shida da ke kwance a tsakiyar Stonehenge, tsohon da'irar manyan duwatsun nan na Ingila, an daɗe ana cewa daga Wales yake, sai a 2024 masana duwatsu suka nuna daga arewa maso gabashin Sukotland ya fito, tafiyar sama da kilomita 700. Yadda aka kawo shi da dalilin kawowa, ba aikin leb bane.

Na'ura ma haka take. A Caracol, wani tsohon birni da daji ya rufe a ƙasar Belize, an shafe shekara 25 ana sara daji ana zana taswira da ƙafa aka samu ɗan abin da ya wuce murabba'in kilomita 20, a 2009 jirgi mai na'urar leza ya ɗauki wajen 200 cikin 'yan kwanaki. Abin burgewa ne ƙwarai, amma tudun da ya fito a allon kwamfuta sai wani ya taka ya je ya duba gini ne ko dutse ne Allah ya ajiye, kuma hoton ba zai gaya maka shekarunsa ba. Sa kuɗin wannan tattakin a kasafi.

Kuɗi, suna, da mutanen wurin

A rubuta tun farko wa zai biya kuɗin gwaji, wa ke da ikon fitar da sakamako, sunan wa zai shiga takarda kuma a wane jeri, don fannoni sun sha bamban a nan, wasu babban malami sunansa ne na ƙarshe wasu na farko, wasu takarda mai shafi shida suke so cikin wata uku kai kuma littafi kake shiryawa na shekara biyar. In ba a yi maganar ba zumunci zai ɓaci. Kuɗin nazari bayan tono kar ka bar masa ragowa, sau da yawa yana cin abin da ya kai na tonon ko ya fi, kuma da a tono kaya a jibge a sito babu kuɗin dubawa gara ba a taɓa wurin ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ɗalibin da ya kwana yana tace ƙasa da ma'aikacin leb da ya yi gwajin da hannunsa a sa sunansu.

Mutanen da ke zaune a wurin su ma masana ne, ka lissafa su cikin tawaga. Mai ginin tukwane zata kalli tsingaro ta gaya maka da me aka yi adon, manomi ya san inda ruwa ke kwanciya da inda garma ke turo fasassun kaya. In kuwa akwai kabari to izininsu kafin komai, musamman gwajin DNA tunda sai an ɗan fasa ƙashi. Ƙasusuwan Kennewick da aka samu a jihar Washington ta Amurka a 1996 sun jawo shari'a da jayayya ta shekara ashirin tsakanin masana da 'yan asalin yankin, DNA ya nuna a 2015 cewa ya fi kusa da 'yan asalin Amurka, aka miƙa musu suka binne shi a 2017.

In an kammala, ajiye ɗanyen bayanan ba rahoto kaɗai ba, a fayil mai sauƙin buɗewa irin CSV, tare da 'yar takarda da ke bayanin ma'anar kowane gurbi da kowace gajeriyar kalma, kwafi a wuri biyu ko uku, ɗaya a ma'ajiyar jami'a ko gidan tarihi ba a laftof ɗin mutum ɗaya ba. Ragowar samfur ma a adana da lambarsa a jiki, a sa wata lambar a cikin ledar don ta waje tana gogewa. Sannan kar ka tone wurin duka, bar wani yanki yadda yake, ka nuna shi a taswira ka rubuta cewa da gangan aka barshi.